Sayen Tsohuwar Sanda Mai Sassaƙa: Daga Gindi Ake Fara Dubawa

Tun da aka ga hoton kwagirin da na gada wurin kakana, tambaya ɗaya ake ta jefo mini ta fuska daban-daban. Wani ya tsinci sanda a ɗakin mahaifinsa bayan rasuwa, yana son ya san ko tana da wata daraja. Wani ya hango wata a gwanjon Ingila ta intanet, an sassaƙa mata kan kare, yana tambaya ko ya taya. Wani kuma dillali ne ya tare shi a kasuwa da wata baƙar sanda, ya rantse masa cewa ta wani hakimi ce tun zamanin Gwamna Lugga. Amsar duka ɗaya ce, sai dai ta fi ƙarfin saƙon waya, shi ya sa na zauna na jera ta daki-daki.

Kafin komai, ka sa wannan a ranka: sanda gaɓa huɗu ce. Akwai kai, inda hannu yake kamawa. Akwai zoben da ke wuyanta. Akwai jikin, sai takalmin da ke gindi. Kowace gaɓa tana da shekarunta, kuma sandar da ta cancanci kuɗinka ita ce wadda gaɓoɓin nan huɗu suka tsufa tare. Duk matakan da ke ƙasa wannan suke bincikawa.

1. Zaɓi layin da za ka bi

Mai tara komai ba ya ƙwarewa a komai. Layi uku ne a gabanka.

Na farko sandunan ado na Turai, musamman na Ingila da Faransa daga wajen 1830 zuwa yaƙin duniya na farko, lokacin da mutumin kirki ba ya fita titi hannu rabbana. Su ne suka fi sauƙin koyo, domin da yawa daga na Ingila suna da hatimin azurfa da ke faɗin shekara. Na biyu sandunan da talakawa suka sassaƙa da wuƙar aljihu: makiyaya, matuƙan jirgin ruwa, sojoji a ramin yaƙi, fursunoni. Maciji mai naɗe jikin sanda da dunƙulallen hannu su ne suka fi yawa a nan. Na uku namu na Afirka, daga kwagiri da gorar Fulani da aka naɗe da fata ko waya, zuwa sandunan Zulu da na Chokwe na Angola.

Shawarata ga sabon shiga ita ce ya fara da layin farko, ko da zuciyarsa tana wajen na uku. A can ne ido yake koyon yadda shekara ɗari take zama a jikin itace, tunda akwai hatimin da zai gyara maka kuskure.

Hattara: sandar girma, wadda gwamna yake miƙa wa sarki ranar bikin naɗi, kayan masarauta ce. Haka sandar mai magana da yawun sarki a ƙasar Ashanti. Duk wanda ya kawo maka irinsu a ɓoye, ko dai jabu ce ko ta sata, kuma babu alheri a ko wanne.

2. Haɗa kayan aiki

Ba su da yawa, duk za su shiga aljihun riga. Gilashin ƙara girma mai ninki goma, irin na masu gyaran agogo da 'yan gwal. Ƙaramar tocila mai haske fari. Tocila mai shuɗin haske irin wadda ake duba jabun kuɗi da ita. Mayen ƙarfe. Tef ɗin tela. Farin ƙyalle da farar takarda guda. Sai wayarka, saboda hoto da kuma jadawalin hatimin azurfa, wanda ake samu kyauta a intanet; ka sauke shi tun daga gida, kada ka dogara da sabis a cikin rumfa.

Kuɗinsu gaba ɗaya bai kai asarar sanda ɗaya ta jabu ba. Abin da bai kamata ka ɗauka ba shi ne wuƙa, allura, ko ruwan gwajin gwal. Duk gwajin da zai bar tabo a jikin kayan mutane ba naka ba ne.

3. Juya ta, fara daga gindi

Mai sayarwa zai miƙo maka kai, domin a nan kyan yake. Karɓi, ka yaba, sannan ka juya ta.

Takalmin sanda shi ne shaidar da ba a cika tunawa a saya ba. Sandar da aka yi shekaru ana dogarawa, gindinta yana cinyewa ta gefe ɗaya, kamar dunduniyar takalmin mai ita, saboda kowa da yadda yake jefa sandarsa. Idan ka ga cin ya zagaye daidai wa daida, ko ka ga layukan zarto a gilashi, hannu ne ya yi shi.

Tsawon takalmin ma yana magana. Sandunan ƙarni na 17 da na 18 suna da dogon takalmin tagulla, wani ya kai tsawon tafin hannu ko fiye, saboda titunan lokacin taɓo ne. Da aka shimfiɗe tituna sai takalmin ya gajarce, ya dawo kamar gaɓar yatsa ɗaya ko biyu. Na zamanin Sarauniya Biktoriya galibi farin ƙarfe ne ko tagulla, da ɗan baƙin ƙarfe a can ƙarshe. Ɗora mayen ƙarfe, zai kama bakin ya ƙi kama saman. Sandunan fita dare kuwa sau da yawa ƙaho ake sa musu.

Duba inda takalmin ya haɗu da itace. Ya kamata ka ga dauɗar shekaru ta cike tsakanin, itacen kuma ya shige ciki ba tare da tudu ba. Idan akwai wani farin zagaye sama da takalmin, alama ce an taɓa sa wani wanda ya fi wannan tsawo.

Hattara: idan ka tarar da robar gindi irin ta sandar asibiti, nemi izini ka zare ta. Wani lokaci takalmin asali yana ƙarƙashi lafiya lau. Wani lokaci kuma ɗanyen yanka za ka gani. Auna da tef: yawancin sandunan maza na wancan zamani suna tsakanin santimita 85 da 95. Wadda ta gaza haka sosai, mai yiwuwa an datse ta don wani gajere, kuma abin da aka datse ya tafi da rabin kuɗinta.

4. Bi jikin da ido da hannu

Kwantar da ita a kan tebur ka mirgina, za ka ga ko ta lanƙwashe. Ɗan karkata kaɗan ba laifi ba ne ga itacen da ya shekara ɗari. Sannan riƙe ta da yatsa biyu a wuya, ka ɗan buga gindin a siminti. Lafiyayyar sanda ƙara ɗaya take bayarwa, ƙwal. Idan ka ji kaf-kaf, akwai tsaga ko wani abu ya saki.

Yanzu itacen. Wanda ya fi suna a sandunan Turai shi ne malaka, wani irin kwagiri daga yankin Malesiya da Sumatara. Ba shi da nauyi, launinsa kamar zuma da ɗige-ɗigen ja, kuma idan ka murza shi tsakanin yatsu za ka ji ba kewayayye ba ne sarai, akwai ɗan tudu da ya bi tsawonsa. Wanda aka yanko daga gaɓa ɗaya, babu ƙulli tun daga sama har ƙasa, shi ne mai tsada. Saboda haka ake goge ƙullin na banza a shafa fenti a kai. Haska tocila ta gefe, wurin da aka goge zai nuna kansa.

Baƙar sanda ita ce tarkon da ya fi kama mutane. Baƙin itace na gaske, dangin kanyarmu, yana da nauyi da sanyi a hannu, kuma baƙinsa har ciki ne. Da yawa daga cikin abin da ake kira da sunansa farin itace ne aka rina. Wannan ba lallai algus ba ne, tun a wancan zamani ana yin haka, amma kuɗinsu ba ɗaya ba. Nemi wurin da ta taɓa gurjewa, idan ka ga fari a ƙarƙashi ka san abin da kake riƙe da shi. A sandunan gida kuma za ka haɗu da ƙirya, marke, maɗaci da maɗobiya, kuma duk tsohon masassaƙi zai rarrabe maka su da ƙamshi da nauyi. Kai masa, ka ba shi na goro, ya fi ka yi ta kintace.

Shimfiɗa farar takardar nan ka bubbuga sandar a kai. Ƙananan huda masu baƙin baki tsohon ciwo ne, ƙwaron ya daɗe da tafiya. Idan gari ya zubo mai haske kamar tsaki, yana ciki yana ci, kuma zai bi sauran sandunanka har da ƙafar gado.

Hattara: dattin shekaru ba ya kwanciya bai ɗaya. Inda hannu yake kamawa ya fi santsi da duhu, lungunan sassaƙa sun fi tara ƙura, tudun sun fi gogewa. Masu tsufar da sabon kaya, daga Fumban ta Kamaru har zuwa rumfunan masu sayar wa 'yan yawon buɗe ido, suna aiki da hayaƙi, man takalmi, ruwan goro, wasu har binnewa suke yi. Shinshina. Sannan goga farin ƙyallenka a wani lungu. Tsohuwar sanda ƙura kawai za ta ba ka. Wadda ta bar baƙi ko ja a ƙyalle ba ta daɗe da baro hannun mai ita ba.

5. Karanta zoben

Nan ne sandar Ingila take faɗin ranar haihuwarta, idan ka iya karatu. Kafa gilashi a kan zoben, ka nemi ƙananan hatimai a jere.

Zaki mai tafiya, ƙafa ɗaya a sama, yana nufin azurfa ce mai kashi 925 cikin dubu. Na kusa da shi garin da aka gwada ta: kan damisa Landan, ƙugiyar tsayar da jirgin ruwa Bamingaham, kambi Shafil, damin alkama uku da takobi Cesta, wadda aka rufe ofishinta a 1962. Sai harafi guda, shi ne shekara. Sai haruffan farko na sunan maƙerin. Idan ka ga kan sarki ko sarauniya a cikin jerin, galibi hatimin haraji ne, kuma an daina buga shi a 1890, don haka mai yiwuwa zoben ya girmi wannan shekara.

Kuskuren da kowa yake yi a harafin shekara yake. Kafin 1975 kowane gari da jerinsa, kuma harafi ɗaya yana dawowa bayan shekara ashirin ko ashirin da biyar da wani salon rubutu a cikin wata siffar garkuwa. Ƙaramin "a" a Landan yana iya zama 1896, amma makamancinsa a Bamingaham 1900 ne. Fara gano gari, sannan ka buɗe jadawalin garin, sannan ka gwada salon harafin da siffar da ta kewaye shi. Idan ka tsallake ɗaya za ka yi kuskuren shekara hamsin kana murna.

Na Faransa kan mace ne mai hular yaƙi a azurfa, tun daga 1838, kan gaggafa kuma a zinariya. Haruffan EPNS suna nufin farin ƙarfe ne aka yi wa wankan azurfa. Sandunan Amurka masu ƙyallin zinariya a kai, waɗanda ake ba mutum kyauta ranar ritaya da sunansa a rubuce, yawancinsu rufi ne aka yi wa tagulla. Duba gefen da ya goge. Wani lokaci za ka ga sunan shago, kamar Brigg, ko James Smith & Sons wanda aka kafa a 1830 kuma har yau yana sayar da sanda da lema a Landan. Sunan yana ƙara kuɗi.

Hattara: mayen ƙarfe ba ya kama azurfa, amma ba ya kama tagulla da farin ƙarfe ma. Rashin kamawa ba shaida ba ce. Sannan hatimi shekarar zobe kaɗai yake faɗa, bai ce komai a kan kai da jiki ba. Za mu dawo kan wannan.

6. Yanzu ka dubi kan

Sai yanzu. Idan itace ne, bi sawun wuƙa da gilashi. Aikin hannu yana da ɗan bambanci tsakanin ido da ido, kunne da kunne, kuma cikin lungu za ka ga inda wuƙa ta tsaya. Injin zamani yana barin ƙananan layuka masu zagaye iri ɗaya. Kan da aka zuba a mazubi yana da siririn layi inda ɓari biyu suka haɗu, da 'yan ramukan kumfa. Karnuka da tsuntsaye na wancan zamani idon gilashi ake sa musu. Taɓa da haƙori ko farce, gilashi sanyi gare shi da tauri. Duba hanci da kunne da baki da shuɗiyar tocila, domin su ne suke karyewa, kuma gyaran da aka yi da gam yana fitowa da wani launi dabam.

Farin kai kuwa abu huɗu ne: haure, ƙashi, tsohuwar roba, ko sabuwa. Hauren giwa yana da wasu layuka masu gittawa da juna kamar saƙar raga, ana ganinsu a inda aka yanka shi a kwance, kamar saman dunƙulen kai. Ƙashi ba shi da su, sai ƙananan ɗigo da gajerun layuka baƙaƙe, hanyoyin jini ne da datti ya cike. Tsohuwar robar da aka yi don kwaikwayon haure tun ƙarni na 19 layukanta a miƙe suke, a jere kamar an ja da rula, kuma idan ka murza ta da yatsa ta yi ɗumi takan yi warin kafur. A ƙarƙashin shuɗiyar tocila haure da ƙashi suna haske fari-fari, roba kuma takan dushe.

Hattara: za a ce maka ka gasa allura ka soka. Kada ka kuskura. Tsohuwar robar nan tana kamawa da wuta kamar fetur, in kuma haure ne ka bar masa tabo har abada.

7. Tambayi kanka: tare suka tsufa?

A nan aka kama ni, kuma da idona biyu. Wata sanda ce mai kan doki, zoben azurfa na Bamingaham, harafi ya nuna ƙarshen ƙarni na 19. Na karanta hatimin, na ji daɗin kaina, na biya ban ko juya gindin ba. Bayan kwana biyu na kai wa wani dattijo da ya yi shekara arba'in yana sayar da kayan da. Ya saka tabarau, ya murza zoben da babban yatsa, sai zoben ya juya. Ya ɗan tura shi sama, ga farin gam a ƙarƙashi, ga itacen an fere shi don ya shiga.

Ya ce, "Ɗana, nawa ka ba su?"

Na faɗa. Ya yi shiru, ya miƙo mini.

"To, zoben dai ka saya. Dokin nan ƙanenka ne. Jikin kuwa sandar lema ce."

Na ce, "Baba, ai hatimin gaskiya ne."

Ya ce, "Gaskiya ne mana. Hular sarki ma in ka ɗora wa bara, hular ba ta yi ƙarya ba."

Wannan shi ne haɗin gambiza, kuma ya fi jabu tsantsa yawa a kasuwa, domin kawunan lema da na sandunan da suka karye suna nan birjik. Ga abin da za ka duba. Kaurin kai da na zobe da na jiki su bi juna ba tudu ba rami. Zoben kada ya juya, kada kuma ya zama an matse shi har ya tsage. Cin da ke gindi ya yi daidai da gogewar da ke kai: kan da ya sha hannu a kan takalmin da bai taɓa ƙasa ba, akwai magana. Kan lema yawanci ya fi na sanda siranta. Kama kai da hannu ɗaya, jiki da ɗayan, ka ɗan murɗa a hankali. Wasu sandunan dama da zare aka yi su, suna kwancewa don tafiya ko don ɓoye kwalba, alƙalami ko abin hangen nesa, amma na asali zarensu a goge yake da tsufa.

Gyaran da aka yi tun da can, aka kuma faɗa maka, ba aibi ba ne. Ka saya a farashin gyararriya.

8. Doka, kafin kuɗi su fita

Haure: an hana cinikinsa tsakanin ƙasashe ƙarƙashin yarjejeniyar kare namun daji ta CITES tun 1989, kuma Najeriya tana ciki. A Janairun 2024 an niƙe kimanin tan biyu da rabi na hauren da aka kama, a Abuja. A Ingila dokar haure ta 2018 ta fara aiki a Yunin 2022. Ta hana saye da sayarwa sai 'yan kaɗan, kamar abin da aka yi kafin 1947 wanda hauren jikinsa bai kai kashi goma cikin ɗari ba, shi ma sai an yi masa rajista. Hukuncin yana kaiwa tarar fam 250,000 ko ɗaurin shekara biyar. Ni dai na yanke wa kaina: farin kai in ba ƙashi ko roba ba ne, ba na taya shi. Haka ƙahon karkanda da ƙoƙon kunkurun teku. Wadda ka gada, ajiye ta a gida, kada ka hau jirgi da ita.

Kayan tarihi na gida: dokar Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta 1979 ta ɗauki aikin hannu na gida da aka yi kafin 1918, ko wanda aka yi amfani da shi a bikin gargajiya kuma yake da muhimmancin tarihi, a matsayin kayan tarihi. Cinikinsa sai ta hannun wanda hukumar ta amince wa, fitar da shi waje kuma sai da takardarta. Idan kana shakka a kan wata sandar gida, kai ta gidan tarihi na hukumar mafi kusa, irin Gidan Makama a Kano, a duba maka.

Sanda mai takobi a ciki makami ce a idon jami'in kwastan da na filin jirgi, komai tsufanta. Bar ta inda ka gan ta.

9. Ciniki da lissafi

A kasuwa, bari mai kaya ya gama labarinsa, kada ka katse shi, amma kada ka biya kuɗin labari. "Ta Sarkin wane ce" sai da hoto, wasiƙa, ko wani ɗan gidan da zai tsaya a kai. Nuna aibin da ka gani cikin ladabi, ɗaya bayan ɗaya, sannan ka taya. In ya ce albarka, yi sallama ka taka. Sanda ba tumatir ba ce, gobe tana nan. In da dillali a tsakani, a yanke la'adarsa tun kafin a sallama, a kuma san wanda zai biya.

A gwanjon waje, kuɗin da aka buga guduma a kai somin-taɓi ne. Gidajen gwanjo suna ɗora nasu kaso, sau da yawa kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari, da haraji a kan kason. Misali, ka ci sanda a fam 100, kason gida kashi 25 ya zama fam 25, harajin kashi 20 a kansa fam 5, ka tashi a 130 tun ba ta motsa ba. Sai kuɗin aikowa, wanda yakan yi tsada saboda tsawon kwali, har ya kan zarce kuɗin sandar; sai kwastan; sai canjin ranar. Haɗa duka a takarda, ka rubuta iyakarka, ka tsaya a kanta ko da wani ya ɗara ka da fam biyar. Sandunan azurfa na yau da kullum ba su da tsada a can, da yawa ba sa wuce fam ɗari ko biyu. Masu kyan sassaƙa da masu sunan shago ne suke hawa.

Hattara: kada ka taya sai an turo maka hoton gindi, hoton hatimi na kusa, tsawonta a santimita, da rahoton lafiyarta a rubuce. Ka tambaya ko suna aikowa ƙasarka kafin ka taya. A ce su saka ta cikin bututu mai tauri; ni bututun ruwa na roba nake cewa a yanko.

10. In ta iso gida

Ware ta daga sauran na wata guda, a kan farar takarda, ka ga ko gari zai zubo. Idan akwai ƙwaro kuma sandar itace ce zalla, naɗe ta a leda ka ɗaure sosai, ka sa a firiza mai sanyin 18 ƙasa da sifili na sati biyu, sannan ka bar ta ta huce a cikin ledar kwana ɗaya kafin ka buɗe. Wannan sai inda wuta take tsayawa. Firizar da ke narkewa kullum ɓarna za ta yi. Mai ƙashi, ƙaho ko idon gilashi kada ta shiga.

Wajen tsafta, ƙanƙanin abu ya isa. Busasshen ƙyalle mai laushi, tsohon buroshin haƙori don lunguna, sai ɗan kakin zuma ko Renaissance Wax da gidajen tarihi suke amfani da shi, a shafa siriri a goge. Ban da ruwa, ban da man gyaɗa, man kaɗe, baƙin mai ko fenti mai ƙyalli. Ban da takardar goge katako. Na ga wanda ya kai wa kafinta sandar kakansa ya ce a "sabunta" ta, aka dawo masa da ita tana walƙiya kamar ƙafar kujerar amarya, shekara tamanin ta tafi a yini ɗaya. Azurfa kuma ƙyallen goge azurfa kawai, a hankali, kana kauce wa hatimin, don yawan guga yana shafe shi.

Babban abokin gabarta a wajenmu hunturu ne. Gidajen tarihi suna riƙe damshin iska wajen kashi 50 cikin ɗari, mu kuwa a Janairu yakan faɗi ƙasa da 20. Itace ya tsuke, zobe ya saki, ƙashi ya tsage. A lokacin sai ka naɗe ta da farin yadi ka sa a kabad na ɗakin ciki, nesa da taga da na'urar sanyaya ɗaki. Da damina kuma fito da ita ta sha iska saboda fumfuna. Ajiye ta tsaye cak a mazauni, ko kwance a shimfiɗe. Jingina a kusurwa shekara da shekaru shi ke lanƙwasa ta. Kada gindinta ya zauna a ƙasa ko jikin bangon ƙasa, gara ba ta san tsada ba. Kada kuma ta kwana a bayan mota.

Buɗe mata shafi a littafi: ranar saye, wuri, kuɗi, tsawo, hatimi, aibi, da hotuna huɗu na gaɓoɓin nan. Magadanka za su gode.

11. In za ka fita da ita

Sandar ado an yi ta ne don riƙo da nuni. Mai ciwon gwiwa ya sayi ta asibiti, don siririn malaka mai shekara 120 ba zai ɗauki nauyin ƙato ba. Tsawon da ya dace da kai shi ne kan sanda ya zo daidai wuyan hannunka idan ka tsaya da takalmi, hannu a sake. In ta fi ka tsawo, haƙura ka riƙe ta a haka ko ka nemi wata, amma zarto kada ya taɓa ta. Saya mata robar gindi daidai kaurinta ka ɗora a kan takalmin asali, ka riƙa cirewa in ka dawo don kada damshi ya taru a ciki.

Ranar Juma'a ko ɗaurin aure, inda ake tara takalma a ƙofa nan sanduna suke ɓata ko a taka su. Ba yaro amintacce ya riƙe maka, ko ka bar ta gida ka ɗauki ta yau da kullum. In kuma fada za ka shiga gaisuwa, tun daga zaure ka miƙa ta.